Gawar Inji da Irin Shinkafar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranin da ya biyo bayan babbar ambaliyar nan ba. Ko na yi niyyar mantawa ma akuyar Inna ba za ta bar ni ba, don duk safiyar da na shiga gaida tsohuwar sai na tarar da ita ɗaure a jikin abin kunyata, tana tuƙa tana kallona. Bari dai in ba ku labarin da bakina, tunda babu manomin da ke bakin kogin Haɗejiya ta wajenmu da bai ji shi ba, wasu ma sun ji shi da gishirin da ba ni na zuba ba.

Ni malamin makaranta ne, fasaha nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Shekara goma sha ɗaya ina zana inji a allo, fistin na hawa yana sauka, ina sa kibiya nan da can, ɗalibai na kwafa. A duk tsawon shekarun nan ko injin markaɗe ban taɓa kwancewa ba. Amma a unguwa Injiniya ake kirana, ni kuma ina amsawa har da ɗaga hannu. (Sai bayan abin ya faru matata ta gaya mini cewa tun farko tsokana ce, kowa ya sani sai ni.)

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar mana dukiya ba. Gona ɗaya ya bari a fadama, sai kuma irin shinkafarsa. Wata jar shinkafa ce gajera mai ƙamshi, wadda ya yi fiye da shekara talatin yana zaɓenta da hannunsa. Kowace kaka, kafin a yi yanka, sai ya bi gonar layi layi ya tsinke zangarniyar da ta fi cika ya ware. Ba ta da suna a kasuwa, mu dai jar Baba muke ce mata. Maƙwabta duk sun daɗe da komawa sabon iri mai saurin nuna, don haka ba a samunta ko'ina sai a gidanmu. Da ambaliya ta zo, ruwa ya yi kusan wata biyu kwance a kan gonar, ko ƙwaya ɗaya ba mu ɗauka ba. Abin da ya rage na jar Baba a duk faɗin duniya shi ne wanda Inna ta ajiye a tulu a ƙuryar ɗakinta, ta cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka.

Noman rani kuwa sai da ruwa, ruwa kuma sai da inji. A ɓangarenmu gonaki biyar ne ke shan inji ɗaya, wanda iyayenmu suka haɗa hannu suka saya tun ina ɗalibi. Kawu Habu, ƙanen Inna, shi ke riƙe da layin rabon ruwa. Ana raba ranaku tun kafin a zuba iri, kowa ya auna faɗin abin da zai dasa daidai da ruwan da zai samu. Ƙa'idar guda ce kuma tsohuwa: wanda ya bar ranarsa ya bar ta har girbi, domin wanda ya karɓa zai faɗaɗa gonarsa a kanta. Mu Litinin da Alhamis ne namu tun zamanin Baba. Injin ya tsufa, yana tari, yana jan ruwa kamar ana roƙonsa, kuma na daɗe ina raina shi a zuciyata.

Wata Asabar na je wajen 'yan gwangwan neman ƙarfen da za a gyara bencin ajinmu. Can ƙarshen filin, inda ruwan ambaliya ya bar zanensa a jikin katanga, na hango shi, rabinsa binne cikin busasshiyar laka. Bai kai girman buhun gero ba. Ba shi da dogon kai irin na injin mota, dunƙulalle ne kamar an jera tukwane an matse su da dogayen kusoshi, ga wata ƙatuwar kafireta mai baki huɗu zaune a kansa. Nan take na gane shi. Na gan shi a littafi, na kuma kalle shi a waya ba sau ɗaya ba. Injin nan ne da ba shi da fistin ko guda, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikinsa, ga shi ƙarami amma an ce yana kayar da wanda ya ninka shi girma.

Mai wurin, Ɗan'azumi, ya ce cikin lodin tarkace ya zo daga Kano shekarun baya, daga wata motar 'yan gayu aka cire shi, kuma duk bakaniken da ya leƙa sai ya yi gaba. "Ba ya juyawa fa, Injiniya," in ji shi. "A kilo zan ba ka, kamar kowane ƙarfe." Ni kuwa a raina cewa nake, Allah sarki, rashin sani ya fi dare duhu, mutum na zaune a kan zinariya yana sayar da ita a kilo. Har na ɗan ji nauyin ƙwarar da zan yi masa. (Ina fatan an rubuta mini ladan wannan tausayin, don shi kaɗai na samu a cinikin.)

Gidan da nake haya ba shi da tsakar gida, saboda haka gidan Inna na sa mai amalanke ya kai shi. Mutum huɗu muka sauke shi kusa da rijiya. Inna ta fito tana riƙe da faifai, ta kalle shi, ta kalli lakar da ya zubar mata a inda ta share, ta koma ɗaki. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba, don haka abin bai dame ni ba.

Washegari na kira Baba Maina. Tsohon bakanike ne, abokin mahaifinmu tun suna samari, kuma Babarbare. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, ko da yake saniyar ƙarshe ta bar gidanmu tun kafin a haife ni. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun ina yaro mutumin nan bai taɓa gaya mini magana mai daɗi ba. Bawana yake kirana. In na sa sabuwar riga ya ce ta aro ce, da na ci jarrabawa ya ce malaman ne suka ji tsoron sanda. Ni ma ina rama daidai gwargwado, kuma babu wanda ke riƙe wani a rai.

Ya tsuguna gaban injin ya daɗe. Ya kwance filogi ya shinshina ramin, ya zura waya ya zaro, ta fito da jar laka. Ya sa sifana a babban notin gaba ya danna da dukkan ƙarfinsa, ko motsi. Sannan ya ɗaga kafiretar ya juya ta a rana, ya leƙa kowane baki.

"Ɗana, zauna ka ji," ya ce. "Wannan gawa ce. Ruwa ya kwana a cikinsa. Mai fistin in ya ci tsatsa ana fafe shi a sa sabon ringi, wannan kuwa ba a fafe shi. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe, shi ke riƙe masa numfashi. Duk sun manne. Ranar da ka tilasta masa juyawa, ranar za su karye, kuma daga nan har Legas ba ka samun wasu. Kafiretar ce dai da sauran rai. Kar ka taɓa ta, kawo mini in wanke ta a hankali, za a samu mai so. Injin ka mayar wa Ɗan'azumi."

Na fashe da dariya. Na ce, "Baba Maina, kai dai faɗi gaskiya, ba ka taɓa ganin irinsa ba ne. Ina Babarbare ina ilimin zamani?"

Bai rama ba. Ya ce, "Na kwance guda biyu a Maiduguri tun kafin a yi maka kaciya. Amma in ka ga dole sai ka yi, to ranar da ya juya ka toshe ramin filogi da babban yatsanka a juya maka shi. In ya tura yatsan, yana da numfashi. In bai tura ba, ka yi masa sutura." Ya kakkaɓe gwiwarsa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ni kuwa na ɗauka wasanmu ne na kullum, yau ma Babarbare ya zo ya kushe Bafillace. Shekara talatin yana ce mini bawana, ranar ya ce ɗana, kunnena bai kama ba.

Kwana uku bayan haka aka yi zaman raba ranaku a gindin tsamiyar bakin kogi. Ana cikin magana Kawu Habu ya juyo ya ce, "Injiniya, yaya gawar da ka ajiye a gidan Yaya? Yaushe za a yi jana'iza?" Aka kwashe da dariya. Ashe Baba Maina ya riga ya zaga da labarin. Jinina ya hau. A wurin akwai Malam Idi, maƙwabcin gonarmu, mai 'ya'ya tara da rana ɗaya tak a layi, wanda shekara da shekaru yake roƙon a ƙara masa ko da rabin yini. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na ce na bar masa Litinin da Alhamis ɗinmu duka biyu.

Kawu ya ce, "Ka san ƙa'ida?" Na ce na sani. Ya ce, "Injin naka ya tashi?" Na ce saura ƙiris. (A lokacin ko faɗin gashi bai motsa ba.) Ya sake tambayata, har sau uku, kamar yadda ake yi. Na ce, "Kawu, in nawa ya tashi ku ma sai kun sha kun ƙoshi. Har Baturiya sai an ji ƙararsa." Malam Idi ya kama hannuna da hannu biyu yana zuba mini addu'a, idanunsa sun yi ja. Wallahi na ji daɗin addu'ar nan, na dawo gida ina jin kaina wani babban mutum.

Da yammacin ranar Inna ta ajiye ƙwarya a gabana cike da jar Baba, da sauran toka a jikinta. Tana kallon ƙofa ta ce, "Ga shi nan. Ka dai san abin da ke hannunka." Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki." Na zuba irin a ɗan fili a kusurwar gonar, ina ba shi ruwa da jarka safe da yamma. Wannan bai gagara ba, wurin bai fi tabarma huɗu ba. Babban aiki sai ranar dashe, lokacin da gona gaba ɗaya za ta buƙaci a kwantar mata da ruwa.

Daga nan kullum na taso daga makaranta sai gidan Inna. Na ɗura wa injin kananzir ta ramin filogi, na ɗura man birki, na ɗura baƙin mai, duk abin da na ji an ce yana kwance tsatsa. Na zura dogon bututu a hannun sifana ina dannawa. Kafiretar kuwa na kasa haƙuri in kai wa Baba Maina, don kar ya ce na bi maganarsa. Na shimfiɗa tabarma na warware ta ɗaya bayan ɗaya. Na goge ta da toka da lemon tsami har ta riƙa ɗaukar ido. Na ga wasu 'yan mitsi-mitsin ramuka a cikinta, na ce ai wannan ba za su ishi inji mai ƙarfi haka ba, na ɗauko basillar ɗinkin buhu na buɗa su. Takardun da ke tsakanin ɓangarorinta suka yage, na yanko kwalin sukari na maye gurbinsu. Da na gama haɗawa sai ga ƙananan kusoshi uku da wani ɗan siririn sifirin sun rage a kan tabarma. (Na zuba su a aljihu, na ce masu ƙera ta ne suka yi almubazzaranci.)

A rana ta goma sha shida na hau kan bututun da ƙafa biyu na yi tsalle. Sai na ji ƙas, ƙas, daga ciki, bututun ya tafi da ni ƙasa. Ya juya! Na yi kabbara da ƙarfi har Inna ta fito da ludayi a hannu. Na nuna mata yadda yake juyawa da hannu ɗaya, sumul, ba wata turjiya. Ta ce, "To, madalla," ta koma wajen tukunyarta.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini wuyar faɗa. Da Inna ta shiga sallar la'asar, tsakar gidan ba kowa, na toshe ramin filogi da babban yatsana kamar yadda Baba Maina ya ce, na juya da ɗaya hannun. Ban ji komai ba. Na canza rami, na sake. Babu. Na lashi yatsan don ya manne sosai, na juya har kafaɗata ta yi ciwo. Ko hucin da zai motsa gashin kaza babu. Na zauna a bakin rijiya na ɗan jima. Sai na ce wa kaina hannu ba ya juya shi da sauri ne, in aka sa batir da sitata zai nuna kansa. Na mayar da filogin, na wanke hannu da omo, na tafi masallaci. Na sani. Wallahi can ƙasan raina na san ƙarar nan da na yi wa kabbara ita ce ƙarar da tsohon ya faɗa mini. Amma na tuna dariyar gindin tsamiya, na tuna hannun Malam Idi a kan nawa, sai na ja bakina na rufe.

Mako biyu suka ƙara wucewa ina zirga-zirga tsakanin mai walda da 'yan gwangwan. Aka yi masa ƙafafu, aka haɗa shi da kan famfo da bel, aka samo lagireton wata tsohuwar bas, na aro batir. Maƙwabta duk suka yi dashe. Malam Idi ya faɗaɗa gonarsa har bakin iyakarmu, ta yi kore shar. Tamu kuwa tana nan a bushe, ta fara tsagewa. Irin dashen ya wuce lokacinsa, ya yi tsayi ya cunkushe, bakin ganyen ya fara rawaya. Kawu ya tare ni a hanya ya ce, "Irin nan fa ya tsufa. Shinkafa ba ta jiran mutum." Na ce masa Asabar mai zuwa ya zo ya ga ikon Allah.

Kuma ba shi kaɗai na gayyata ba. Na gayyaci duk 'yan layi, na gayyaci liman ya zo ya yi addu'a, na sayi goro da dabino. Na sa farar shaddata ta Juma'a, wai don a ga cewa injiniyan gaske ba ya ɓata jiki. Abin da ban zata ba shi ne Inna. Tun rasuwar Baba ba ta taka gonar nan ba, amma da hantsin ranar sai ga ta a bayan amalanken da ya ɗauko injin. Aka shimfiɗa mata buhu a inuwar tsamiya, daidai inda take hango irin dashen. Baba Maina ban gayyace shi ba. Ya zo a kan tsohon kekensa, ya tsaya can nesa ya harɗe hannu.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Na yi ɗan jawabi (eh, har jawabi na yi) a kan kusurwa uku da yadda duniya ta ci gaba ta bar mu. Sannan na ɗauki waya na taɓa batir.

Ya juya, wiii, da sauƙi kamar fanka. Ko tari ɗaya bai yi ba. Na ce iska ce a layin mai. Na sake taɓawa. Wiii. Na ce sanyi ne ya kama shi, alhali zufa ke zuba daga haɓata. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, fetur fa na zuba." Gaskiya ne, kafiretar na ɗiga ta ko'ina, kwalin sukarin ya jiƙe ya yi laushi. Na yi kamar ban ji ba. Sau bakwai, sau takwas, batir ya fara gajiya, mutane suka daina tauna goro. Sai na ɗauko kwalbar fetur na tsiyaya kai tsaye cikin bakunan nan huɗu, na sunkuyar da fuskata a kai don in ga yadda zai sha, na ce wa Malam Idi ya taɓa wayar.

Fuu! Abin da na ji ke nan. Wuta ta taso daga bakin kafiretar ta lashe mini gira biyu da rabin gemu, ta kama hannun shaddar. Kogi yana bayana, taku goma bai kai ba. Amma ni sai na ruga gaba, na afka cikin sabon dashen Malam Idi, santsi ya kwashe ni na faɗi rub da ciki. Na tashi laka tun daga hula har ƙafa, ina warin ƙonannen gashi. Kafin in juyo, mutane sun taru suna watsa wa injin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu har wutar ta mutu. Ya koma daidai yadda na tsince shi a wajen Ɗan'azumi.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Baba Maina ya jingine kekensa ya tako a hankali. Ya share lakar da gefen hannu, ya kwance filogi, ya toshe ramin da yatsa, ya ce wa Kawu ya juya. Kawu ya juya. Tsohon ya cire yatsansa. Ya sa aka karkata injin, ya tara tafinsa a bakin salansa ya bubbuga. Gutsattsarin siraran ƙarafa suka zubo, da garin tsatsa, da 'yan ƙananan bawon katantanwa irin na kogi. Ya ɗaga kafiretar da ta yi baƙi ya leƙa cikinta.

"Da me ka huda ta?"

"Basilla."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ajiye ta a ƙasa a hankali. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka sa yatsa kamar yadda na ce maka?"

Ƙarya tana bakina, a shirye. Sai na ɗaga kai na ga Inna tana kallona, ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba. Na ce, "Na sa."

"Yaushe?"

"Mako biyu ke nan."

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

Kawu Habu ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, "Mako biyu. Mako biyu da suka wuce Idi bai yi dashe ba. Da ka buɗe baki ranar, da mun san yadda muka yi." Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taka har wajen irin dashen, ta sunkuya ta shafa bakin ganyen da ya yi rawaya, ta daɗe a haka. Sannan ta gyara mayafinta ta ce wa mai amalanke ya mayar da ita gida.

Mutanen layi ba su yar da ni ba, wannan dole in faɗa. Malam Idi ya ce in karɓi ranakuna, amma kowa ya san abin da hakan ke nufi, abincin mutum goma sha ɗaya ne zai ƙone a madadin nawa. Ban karɓa ba, Kawu ma bai yarda ba. Suka tattara mini rabin yini daga nan da can. Sai dai gonar ta riga ta tsage har ƙafa na shiga, ruwan rabin yini ya bi tsagogin ya ɓace kamar ba a zuba ba. Na nemi injin haya har Kaugama da Kafin Hausa, kowane inji yana bakin aiki, lokacin dashe ne. A ƙarshe na dasa abin da na iya a wata 'yar kusurwa ina bi da jarka. Tsohon iri ba ya kama ƙasa. Zafi ya shigo, cikin kwana goma ya koma ciyawa. Na tumɓuke guda na duba saiwar, ta bushe ƙayau. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, ƙato da ni, ba gira, da rabin gemu. Shekara talatin na hannun Baba ne na kashe don kar a yi mini dariya a gindin tsamiya.

Sai da na kwana uku kafin na iya shiga wajen Inna. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ta mutu. Duka." Ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarta a kira mata Malam Idi. Ba a jima ba ya iso. Sai ta durƙusa ta jawo wani ɗan ƙaramin tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa liƙe da laka. Ta fasa lakar da gindin ludayi. Jar Baba ce, da tokarta, ba ta fi tiya ɗaya ba.

"Ranar da aka shigo da ƙarfen can gidan nan na raba irin biyu," ta ce, tana kallon tulun. Ta tura shi gaban Malam Idi. "Idi, in Allah ya kai mu damina ka zuba a gefen gonarka. In ta yi ka ɗebi naka, ka dawo mini da nawa."

Malam Idi ya dube ni, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Inna, ai ga Malam nan..."

Ta ce, "Na ga Malam. Shi yana da aiki a makaranta."

Ban taɓa jin daɗi da ciwo sun haɗu a ƙirjina lokaci ɗaya kamar ranar ba. Irin Baba bai ƙare ba, alhamdu lillahi. Amma matar da ba ta kallona ta auna ni tun ranar farko, tun kafin in yi alfahari a gindin tsamiya, tun kafin in ɗauki basilla, kuma awonta ya fita daidai.

Yau jar Baba tana gonar Malam Idi, ta cinye kusan rabinta. Duk kaka yana aiko mini da kwano biyu a matsayin kyauta, ina karɓa ina godiya, ina ci tana tsaya mini a wuya. Na koma layi da Litinin da Alhamis ɗina, sabon iri nake shukawa kamar kowa, Inna ba ta sake ba ni wancan ba kuma ban tambaya ba. Girata ta fito, ta hagu dai ta fi ta dama. Baba Maina ya koma kirana bawana, ni kuma duk sanda ya buɗe baki ina kasa kunne, ko zai sake cewa ɗana. Injin na so in mayar wa Ɗan'azumi, Inna ta ce a bar mata, akuyarta ta cika tumɓuke turke. Shekara uku ke nan ba ta tumɓuke wannan ba.

Wasu abokan aiki kan tambaye ni, suna danne dariya, ko tsohon injin gwangwan ya cancanci a ceto shi. Ina ce musu ya danganta da irin akuyar da ke gidanku. Amma abin da na koya na gaskiya bai kai haka tsawo ba. In ka sa yatsa ba ka ji komai ba, ka faɗa a ranar, tun kafin ka sayi goro.